Rigar Mahaifiyar Maƙwabcina

Muna sallame sallar asuba muka kama hanya, ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar salla. Greensboro ba ta gama farkawa ba. Hanyar Wendover ɗin nan da kuka sani da cunkoso babu kowa a kanta sai manyan motocin kaya da ke ja da baya zuwa ƙofofin sito. Sanyi ya fara shigowa, irin wanda ba ya hana fita amma yake tuna wa tsoho gwiwoyinsa.

Mu huɗu ne a motar. Mai motar wani Alhaji ne Bakano da muka daɗe muna haɗa sahu a masallaci. Kusa da shi matarsa, Hajiya, wadda rabin matan garin nan a falonta suke sayen atamfa da leshi. Ni ina baya tare da wanda aka yi tafiyar dominsa, maƙwabcina da ƙofarsa ke kallon tawa. Mutumin Guwatemala ne, daga ƙabilun Maya da ke zaune a kan duwatsu, aikin rufin gidaje yake yi. Da Sifaniyanci muke magana. Ni na tsinci yaren a tashar jiragen ruwa ta Las Palmas ina saurayi, shi kuma a hanyar gudun hijira ya koya, don yana da harshensa na gida da ba ya kama da komai da na taɓa ji. Saboda haka aro ne a bakina, aro ne a bakinsa, babu mai yi wa wani dariya.

Bari in faɗi abin da ya fitar da mu. Yana da shekara goma sha biyu yaƙi ya ci ƙauyensu. Mahaifiyarsa ta haɗa shi da kawunsa suka tsallaka iyaka, ita ta tsaya. Bai sake ganinta ba. Daga baya labari ya iske shi cewa ta rasu, an binne ta cikin rigarta mafi kyau kamar yadda suke yi, mutanen ƙauyen kuma sun watse. Ba shi da hotonta. Ya taɓa faɗa mini a bakin matakala cewa fuskarta ta riga ta ɓace masa, abin da ya rage kawai rigar, ita ma ta fara dusashewa. A ƙasarsu kowane gari da irin saƙarsa, mace tana tafe rigarta na faɗin inda aka haife ta. Matarsa masaƙiya ce amma 'yar wani gari mai nisa, ba ta san saƙar nasu ba. Ta ce masa: ka kawo mini yadda take, ni kuwa in saƙa wa 'yarmu, tunda sunan kakarta ta ci. Shekara da shekaru ya kasa kawowa. Sai ga shi wata rana da wata takarda da ya cire a kantin da suke sayen masara, an rubuta da Turanci cewa ana nuna tsofaffin zane-zanen tufafin mutanen Maya a wani ƙaramin gari da ke gindin duwatsu, yamma da mu. Shi ba ya tuƙin nesa, ni idona ya daina yarda da babbar hanya. Na ɗauki waya na kira Alhaji.

Mun wuce Winston-Salem rana na ƙoƙarin fitowa a bayanmu, sai Hajiya ta waiwayo.

"Malam, su mutanen nan turmi-turmi suke sayarwa ko yadi-yadi?"

Na ce, "Turmin me, Hajiya?"

"Zanen mana. In da rahusa in kwasa, mata sun gaji da ganin kala ɗaya."

Nan na gane abin da ya faru. Na ce wa Alhaji za mu kallon zane, wato wanda ake yi da fenti a kan takarda. Shi ya isar wa matarsa cewa akwai zane, ita kuwa kunnenta zanen ɗaurawa kaɗai ya sani. A baki akwai ɗan jan wasali tsakanin kalmomin biyu, amma wayar salula da gaggawar Bakano sun cinye shi. Ashe ƙatuwar jakar da na gani a but ɗin motar ba ta abinci ba ce, wofi take, an zo a cika ta.

Alhaji ya ce, "Ni zane aka ce mini, zane na ce miki. Ki kama Malam, Hausar Damagaram ce ta ɓatar da ke."

"Da ka ga na ɗauko jaka me ya hana ka tambaya?"

"Yaushe kika taɓa fita babu jaka?"

Na fassara wa maƙwabcina, ya yi murmushi don ladabi, amma na ga hankalinsa ba ya wurin. Tun da muka tashi hannuwansa suke tsakanin gwiwoyinsa. Hajiya ta ce tunda an riga an ɗauko ta sai ta ga ƙarshen abin, amma a sani Asabar guda ta kasuwa aka ci mata.

Hanyar yamma shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami babu shinge, ba wanda zai tsayar da kai ya tambayi takardun awakinka. Na bi hanyar Abijan zuwa Wagadugu a bayan motar goro, na bi ta Jidda zuwa Madina a bas mara tagogi, duk sun fi wannan wahala, kuma duk sun fi ta hira. A nan kowa na cikin ƙarfensa a kulle. Itatuwa kuwa sun yi abin da suke yi kowace shekara, ja da ruwan ɗorawa da ruwan goro, kamar an shanya kayan lefe daga nan har inda ido ya tsaya. Shekaruna da yawa a ƙasar nan amma har yau abin na ba ni mamaki, ganye ya fi kyau ranar da zai faɗi. Tsakanin itatuwan sai ka hangi dogon gini na jan bulo, tagogi a toshe, ciyawa ta cinye filin ajiye motoci. Masaƙu ne da kamfanonin kujeru da suka rufe. Jihar nan da saƙa aka san ta, Greensboro kanta da shuɗin yadin wandon jins ta yi suna. Duk inda na je a duniya na tarar masaƙa ta yi shiru, daga unguwarmu ta gida har nan. Ban taɓa gane inda duk kayan da muke sawa suke fitowa ba.

Mun tsaya shan mai kusa da Statesville. Galan ya doshi dala uku, Alhaji yana zuba yana salati. Allunan gefen hanya duk hoton alade ne yana dariya, ban san abin da yake wa dariya ba. Ko burodinsu na safe ba ma yarda da shi sai an tambayi man da aka sa. Muka zauna a bencin wurin hutawa, Hajiya ta buɗe ƙosai da dambun nama da fulas na shayi mai citta. Maƙwabcina ya ci ƙosai biyu, ya tambaya da me ake yi. Da na ce wake ne sai ya jinjina kai, ya ce mutanen da suka san darajar wake ba baƙi ba ne.

Bayan Hickory duwatsu suka fara bayyana, shuɗi-shuɗi kamar hayaƙi. Na nuna masa, ina zaton zai ji daɗi. Ya duba ya ce waɗannan ai 'ya'yan duwatsu ne. A nasu, in ji shi, gajimare a ƙasanka yake kwana, masara kuma a kan gangaren da in ka saki fartanya sai gobe ka same ta.

Garin ƙarami ne, titi ɗaya mai kantuna, coci a kowace kusurwa. Abin da ya fara ɗaukar idona mata ne biyu suna tsallaka titi, gajeru, gashi baƙi wuluk an kitse shi jela ɗaya. Daga ƙugu zuwa ƙasa zane ne sosai, an naɗe shi an ɗaure da ɗamara. Daga ƙugu zuwa sama rigar sanyi ce ta kanti, ƙafa kuma takalmin gudu. An ce 'yan ƙasar maƙwabcina ne, da yawansu a kamfanin yanka kaji suke aiki. Na tuna matanmu a Wendover, atamfa a ƙasa, jaket a sama. Baƙunta takan fara cin mutum daga kafaɗa.

Ɗakin nunin yana cikin wata ƙaramar kwaleji. Kyauta ake shiga, sai akwatin sadaka a bakin ƙofa. Wata tsohuwar Baturiya mai farin gashi ce ke tsaron wurin. Ta ce wata mata ce ta zana hotunan tun kafin a haifi yawancinmu, ta bi kasuwannin duwatsun da takarda da buroshi, iyalanta ne suka ba da aro. Fentin ruwa ne, wato launin da ake jiƙawa a shafa a takarda, ya bushe da sauri, ba ya karɓar gyara. Haske yana kashe shi, shi ya sa aka rage fitilu, ɗakin ya yi duhu-duhu kamar zaure.

Sun kai talatin, kowanne da gilashi a kansa da sunan gari a ƙasa. Na shiga manyan gidajen tarihi a Faransa inda ake rataye hotunan sarakuna da dawakansu, ban taɓa tsayawa gaban hoto na daɗe kamar nan ba. Mai zanen ba ta damu da fuska ba, ɗigo biyu da layi ta gama. Tufa ta zo yi wa hidima. Ga mace da doguwar igiyar saƙa an naɗa mata a ka, zagaye bisa zagaye, har ta yi faɗin faifai. Ga maza da wando mai ratsin ja da fari. Ga wani da guntun bargo a ɗaure a ƙugu kamar warkin maharbi. Ga rigar da aka yi wa wuya da surfani mai tsini-tsini, kan matar ya fito ta tsakiya kamar rana. Rigar matan suna ce mata wipil. Ba a yanka ta ba a yi mata hannu, faɗin saƙa ne aka haɗa aka bar wa kai hanya. A wani hoton mace na zaune a ƙasa, ta ɗaure bakin saƙarta a jikin itace, ɗaya bakin a ƙugunta, jikinta ne rabin masaƙar. Matanmu na da a tsaye suke kafa tasu a jikin bango su saƙa gwado, maza kuma su zauna da ƙoshiya suna fitar da siririn ƙyalle. Hanya daban, ciwon baya ɗaya.

Hajiya ta tsaya gaban wata mai shuɗin zane, ta ce, "Ashe ban ɓata ba. Ga zane nan a cikin zane." Ta miƙa yatsu biyu za ta murza, kamar yadda duk mai sanin yadi yake yi, sai ta ci karo da gilashi. Baturiyar ta yi gyaran murya. Hajiya ta janye hannu tana cewa kayan da ba a taɓawa ai ba a san gaskiyarsa.

Maƙwabcina bai tsaya kallo irin namu ba. Ya bi bango da sauri har ƙarshe, ya dawo a hankali, ya sake komawa. Sunayen da ke ƙasa yawanci na waliyyan Kirista ne, shi kuwa ƙauyensu da sunansa na harshensu ya san shi. Na je na tambayi Baturiyar, ta buɗe wani littafi ta bi da yatsa, ta girgiza kai. Ta ce mai zanen inda mota ko alfadari ke kaiwa take zuwa, garuruwan kasuwa. Ƙauyen da ke sama da haka sai dai in mutanensa sun sauko ranar da take nan. Ta ba da haƙuri har sau uku kamar ita ta yi laifin.

Na same shi tsaye gaban wani hoto, hularsa a hannu. Ya ce wannan garin ne suke saukowa cin kasuwa, tafiyar rabin yini. Ya ce, "Namu babu. Mu tafi, Malam, na ɓata muku rana." Malam ɗin nan a bakina ya koya, yana faɗinsa da nauyi a farko.

Na juya zan gaya wa Alhaji ya ɗauko mota, Hajiya ta tare ni.

"Me ya ce?"

Na faɗa mata duka, har da abin da ban faɗa a mota ba, na uwar da rigar da 'yar. Sai ta ce, "Tambaye shi, wannan da yake kallo, ita ce rigar?"

Na ce ai ya riga ya ce ba ita ba ce.

"Na ji. Ka tambaye shi me ya hana ta zama ita."

Na tambaya. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba ita ba ce kawai. Hajiya ta matso ta nuna wuyan rigar, ba tare da ta taɓa ba wannan karon. "Wuyan haka yake?" Ya duba ya ce a'a, wannan zagayayye ne, nasu mai kusurwa huɗu ne. Ta zaro biro daga jaka, ta juya takardar bayanin da aka ba mu a ƙofa, ta zana wuya mai kusurwa huɗu. "Wannan ratsin fa, ruwan ƙwai?" Ya ce babu ruwan ƙwai ko kaɗan, wa zai sa ruwan ƙwai a nan? Har da ɗan fushi ya faɗa. Hajiya ta dube ni ta ce, "Ka gani? Shekara ashirin ina sayar da yadi. Mace za ta zo ta ce ba ta san abin da take so ba. Kada ka tambaye ta. Ka shimfiɗa mata wanda ba ta so, da bakinta za ta kushe shi har ta siffanta maka nata."

Haka ta riƙa jan mu daga hoto zuwa hoto, ni a tsakiya ina juya Hausa zuwa Sifaniyanci, ina juyo Sifaniyanci zuwa Hausa, har na fara yi wa Hajiya Faransanci ban sani ba. Wannan jan ko wancan? Ya ce duk sun gaji, jan nasu ba ya yin sanyi haka, takarda ce ta shanye shi. Ta nuna jan da ke bakin gyalenta, ya ce ya kusa. Ta tsinke zare ɗaya ta ajiye. Da aka zo kan kore babu wanda ya yi masa a bango. Ta waiwaya ta cire hular mijinta daga kansa ba sallama.

"Hajiya, a gaban mutane?"

"Yi haƙuri, Alhaji, aiki ake."

Ta nuna wani kore a jikin hular, maƙwabcina ya ce shi ne, amma ya fi duhu kaɗan, kamar ganyen masara da ya sha ruwa. Aka rubuta haka. Baturiyar ta daina gyaran murya, ta kawo mana kujera da fensir masu launi daga ofis.

An samu wuya, an samu ratsin gefe, an samu launi huɗu. Da aka iso ƙirji sai komai ya tsaya. Akwai tsuntsaye a rigunan da yawa, akwai taurari, akwai wani abu kamar tsani. Duk wanda aka nuna masa sai ya ce wataƙila. Gumi ya fito masa a goshi cikin wannan sanyi. Ya ce in ya rufe ido yana ganin ja, yana ganin wuya, daga nan sai hazo. Hajiya ta ciji biro tana kallon bangon. Can ta ce, "Malam, duk matan nan mu suke kallo."

Na ce to da wa za su kalla?

"Shekararsa nawa ka ce da suka rabu? Sha biyu? Yaro ai bayan uwarsa ya sani. A nan aka goya shi, nan yake bi in za a kasuwa. Ku maza ba ku san komai ba."

A can kusurwa akwai hoto ɗaya da duk muka wuce, na wata mata ta ba da baya tana hawan tudu da tulu. Garin daban ne, rigar ma ba ta kusa da tasu. Hajiya ta kai shi gabansa, ta ce in gaya masa kada ya dubi rigar, ya bi matar kawai. Ya tsaya. Mu ma muka tsaya. Na ji ƙarar injin ɗumama ɗaki, na ji Alhaji yana jan carbi.

Da ya buɗe baki ba da Sifaniyanci ya fara ba. Ya yi magana da harshensu, a hankali, kamar mai ƙirga matakala. Sai ya tuna da mu ya juya zuwa Sifaniyanci, ya shiga siffanta bayan rigar mahaifiyarsa. Ƙarƙashin wuya layi uku na ja. Ƙarƙashinsu tsuntsaye, biyu-biyu, baki da baki, ba bin juna suke ba kamar na bango. Tsakanin kowane biyu ɗan itace. Sai layi mai hawa da sauka, shi ne hanyar dutse. Sai fili fari, faɗin tafin hannu, inda jelar kitsonta ke kaɗawa in tana tafiya. Hajiya na zanawa, yana leƙawa yana gyara mata: wutsiyar ta fi haka tsawo, itacen reshe biyar ne. A kafaɗar hagu, in ji shi, akwai wurin da igiyar kaya ta cinye, ta cike shi da zaren da bai dace ba, shuɗi. Hajiya ta ce wannan ai ba ado ba ne, faci ne. Na fassara. Ya ce a sa.

Ta sa. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya daɗe yana dubawa. Ban ga hawaye ba, mutanen duwatsu ba sa saurin ba da shi. Abin da ya ce kawai, tana da tabo a bayan kunne, yanzu ya tuna.

Muka ci abincin rana a wani ɗan shago na wata 'yar ƙasarsu. Sai da ya shiga kicin ya tabbatar babu man alade a waken kafin ya bar mu muka zauna. Baƙin wake ne, da ƙwai, da wainar masara mai faɗi da ake toyawa ba mai, ana kawo ta a naɗe cikin ƙyalle don kada ta huce. Kuɗin mu huɗu bai kai na mutum biyu a Greensboro ba. Aka kawo wani abin sha mai kauri a kofi, na kurɓa na ajiye na dubi Alhaji. Kunu ne. Kunun masara da kirfa, ba abin da ya raba shi da na gida sai rashin tsamiya. Na yi tafiyar rabin duniya ina tarar da kunu yana jirana da wani suna. Hajiya ta tambayi mai shagon, ta bakina, inda ake sayen irin zanen da ke jikinta. Matar ta ce daga gida ake aiko musu, kuma ba na sayarwa ba ne. Jakar ta koma yadda ta zo. Muka yi azahar a kan ciyawar wani lambu, maƙwabcina na zaune a benci yana tsare mana takalma da ba mai ɗauka.

A hanyar dawowa rana na bayanmu kuma. Alhaji ya sa kaset ɗin wa'azi, Hajiya ta yi barci tun kafin Hickory. Maƙwabcina ya sa takardar cikin rigarsa, lokaci-lokaci ya ciro ya duba. Wajen Statesville ya ce mini murnarsa rabi ce. Baya ya samu, gaba babu. Yaya za a saƙa riga da baya kaɗai? Na ce Allah ya ba da rabi, ba zai hana rabi ba. Na faɗa ne don ban da abin faɗa.

Mun shigo gari ana dab da magariba, Wendover ta koma halinta, fitilun birki ja har ƙarshen gani. Matarsa ta dawo daga aikin otal, tana bakin matakala da kayan aikin a jikinta. Ya miƙa mata takardar da zaren gyalen Hajiya, yana bayani da sauri, da alamar ban haƙuri a muryarsa. Ta karanta zanen kamar yadda ake karanta wasiƙa, daga sama zuwa ƙasa, leɓenta na motsi. Sai ta ɗago ta yi masa wata magana gajeriya, ta sa bayan hannu ta rufe baki, dariya da kuka suka haɗu mata. Na ce me ta ce? Ya juyo, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci. Ta ce irin wannan rigar tsawo ɗaya ake saƙa ta, a ninka a kafaɗa. Abin da ke baya shi ne a gaba. Tun a ɗakin nunin rigar ta cika, mu huɗu ba wanda ya sani.

Na hau sama na yi alwala. Na yi tafiye-tafiye da suka fi wannan nisa sau dubu, wasu ban dawo da komai ba sai tambarin fasfo. Wannan ta awa biyu ta koya mini cewa abin da mutum yake zaton ya manta, sau da yawa ta inda bai saba ba yake leƙensa. Ta kuma koya mini ciwon da ban san ina da shi ba. Su an samu wadda ta bi kasuwanninsu da buroshi, ko ba ta kai kowane ƙauye ba ta bar abin da za a tsaya a gabansa a ce ba haka ba ne. Matan unguwarmu ba wanda ya zana su. Masaƙan sun mutu, marinar an cike ta an yi shaguna, ni kuma ina Marsai ta Faransa aka binne tawa mahaifiyar, sai bayan sati uku wasiƙa ta same ni.

Bayan na sallame ban tashi daga kan darduma ba. Na bar neman fuskarta, wadda na shekara talatin ina nema. Na sa ta a gaba a hanyar rijiya, na bi ta. Zanenta baƙin saƙi ne, mai ɗigon fari ƙanana kamar zabuwa, ta ɗaure shi a ƙirji, gefensa ɗaya ya fi ɗaya sauka. Yana warin baban rini da hayaƙin kara. In ta sauke ni daga goyo takan lashi babban yatsanta ta goge mini kunci, don shunin yana zuba.